Kwamfutoci 30 a kan wifin makaranta: abin da ake saitawa da abin da ke lalacewa

A ɗauka wata lise ce a Tawa ta samu kwamfutocin cinya 30, ko ta hanyar tallafi ko da kuɗin iyayen yara. An ware aji guda, an sayo boks ɗin intanet, an kira mai gyara ya sa wifi. Mako biyun farko komai lafiya lau. Daga nan koke ya fara: rabin kwamfutocin sun nuna sun haɗu amma shafi ba ya buɗuwa, forfen wata guda ya ƙare cikin kwana 5, ɗalibi na rantsuwa kalmar sirrinsa daidai ce amma kwamfuta ta ƙi shi. Kowa ya ce rezo ne. Sau da yawa kamfanin sadarwa ba shi da hannu a ciki. Ɓarnar tana cikin saitin da aka yi ranar farko, kuma kowace irinta tana da alamar da ake gane ta da ita.

Kafin a taɓa wifi, a fara lissafin kuran. Cajar kwamfutar cinya tana jan wat 45 zuwa 65. Idan 30 suka hau caji lokaci guda, ana maganar kusan wat 2,000, wato amfiya 9 a kan bolt 220. Layin da ke da disjonkta mai amfiya 16 zai ɗauka, amma ralonjin kasuwa mai siririyar waya, an soka wannan cikin wancan, zai yi zafi har ya narke. A raba su gida uku, goma-goma, kowane rukuni da nasa soket a bango. Ondila kuwa ba don kwamfutocin ake sayen ta ba, tunda suna da batirinsu. Aikinta ta riƙe boks, da suwic (akwatin da wayoyin rezo ke haɗuwa a jikinsa), da na'urorin watsa wifi, waɗanda duka-duka ba su cika kai wat 100 ba. Idan babu ita, ko ƙiftawar ido kuran ya yi sai boks ya sake tashi daga farko, a yi mintuna ana jira, darasi ya watse. A ajiye ta inda iska ke shiga, domin batirin dalma da ke cikinta yana saurin mutuwa a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake wuce digiri 40.

Boks ɗin da ake sa wa SIM na Airtel, ko Moov, ko Zamani, an ƙera shi ne don gida ɗaya. Da yawa daga cikinsu masana'anta sun ƙayyade musu na'ura 10, ko 16, ko 32, kuma tun kafin a kai wannan adadi sun fara numfashi sama-sama. Ko layin Niger Telecom aka jawo, ko farantin Starlink aka kafa, shawarar ba ta sauya ba: a kashe wifin boks, a bar shi ya zama ƙofar fita zuwa intanet kawai. Daga gare shi a ja waya zuwa rawuta, na'urar da ke raba intanet da adireshi ga sauran na'urori, daga rawuta zuwa suwic, daga suwic zuwa na'urorin watsa wifi irin waɗanda ake maƙalawa a silin. Lissafin da ba ya ba da kunya shi ne na'ura guda ga kwamfuta 25 zuwa 30 da ke aiki lokaci ɗaya, a cikin ajin take, sama da kawunan mutane. Jikin mutum yana shan sigina, haka bangon siminti mai rodi da katangar laka mai kauri. Rufin kwano kuma yana maido da ita. Wanda ya ajiye na'ura a ofishin darakta yana so ta ratsa bango uku ta kai ajin ƙarshe, wahala kawai ya saya.

Waya ta zama Cat6 ta jan ƙarfe zalla, tsawonta kada ya wuce mita 100 daga suwic zuwa na'ura. Akwai wata mai araha da aka rubuta wa CCA, alminiyam ne aka shafe da jan ƙarfe. Tana karyewa a bakin kai, kuma idan ta cikinta ake tura wutar da ke kunna na'urar, abin da ake kira PoE, sai ta riƙa zafi, na'urar ta riƙa mutuwa tana tashi ba dalili. A kankare bakin wayar da wuƙa kafin a biya kuɗi: idan fari ya fito, a mayar wa mai shago.

Wifi yana tafiya a zango biyu. Na 2.4 GHz yana kai nesa amma tashoshi uku ne kawai a cikinsa da ba sa taka juna: 1, 6 da 11, da faɗin 20 MHz. Idan na'ura biyu da ke maƙwabtaka suna tasha ɗaya, jiran juna suke yi kafin su yi magana. Na 5 GHz ba ya ratsa bango sosai, amma yana da tashoshi da yawa, shi ya dace da aji cike da kwamfutoci. Sai dai a duba katin wifin kowace kwamfuta, domin tsofaffin da ake kawowa na hannu wasunsu ba sa ganin 5 GHz sam. Kada kuma a ƙure ƙarfin watsawa. Na'ura mai ƙarfi tana sa kwamfuta ta manne mata daga nesa ta ƙi komawa kan wadda ke kusa.

Sunayen wifi uku sun isa: na kwamfutocin makaranta, na ma'aikata, na baƙi idan ana so. Kowane suna yana shelar kansa kusan sau 10 a daƙiƙa, don haka yawan sunaye cin fili ne a banza. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a raba su a cikin rawuta, kowane da nasa rukunin adireshi, ta hanyar VLAN, yadda ɗalibin da ke aji ba zai iya leƙa kwamfutar da sirbeyan ke ajiye maki a cikinta ba. Tsaro ya zama WPA2 da AES. WPA3 ya fi shi, amma tsofaffin katuna ba sa hawansa. WEP da TKIP kuwa a manta da su: ban da rauninsu, suna danne gudu zuwa 54 Mbps. A kashe WPS, hanyar hawa wifi da danna maɓalli ko lambar PIN. Ɓoye sunan wifi ba tsaro ba ne, ƙara wa mai gyara aiki ne kawai.

Nan ne aka fi yin kuskuren da ke kashe ɗakin kwamfuta. An sa kalmar sirri guda, an rubuta a allo don a sauƙaƙa. Wayar Android tana nuna lambar QR ta kowane wifi da ta taɓa hawa, aboki ya ɗauka cikin daƙiƙa biyu. Kafin Juma'a duk makaranta ta samu, kafin wata ya ƙare matasan fadar da ke bayan katanga suna kallon ƙwallo da forfen makaranta. Maganin shi ne kada wani ɗalibi ko malami ya taɓa sanin kalmar sirrin wifin kwamfutocin. A yi ta doguwa, haruffa 20 ko fiye, tunda ana karɓar 8 zuwa 63, a shigar da ita a kwamfuta ɗaya, sannan a fitar da saitin zuwa kile da wannan umarni: netsh wlan export profile key=clear folder=E:\ . A kowace kwamfuta kuma a shigar da shi da: netsh wlan add profile filename="E:\sunan-fayil.xml" user=all . Wannan user=all ɗin shi ke sa kwamfuta ta hau wifi tun tana allon shiga, kafin kowa ya buɗe asusunsa, kuma ga kowane asusu. Bayan an gama a goge fayil ɗin daga kile, domin kalmar a fili take a cikinsa.

Malamai fa? Su ma wayoyinsu na iya yaɗa kalma. Hanya mafi inganci ita ce WPA2-Enterprise, inda kowane mutum ke da sunansa da kalmarsa, wata uwar garke ta RADIUS, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, tana tantancewa. Idan an yi wa malami canjin wurin aiki, asusunsa kaɗai ake rufewa. FreeRADIUS kyauta ce, kuma wasu rawutoci na zuwa da irinta a ciki. Idan babu mai iya kula da ita, a yi amfani da tikiti irin na masu sayar da wifi a unguwa, kowane tikiti na'ura ɗaya ko biyu, a sabunta kowane zangon karatu. Tace na'urori ta lambar MAC, wato lambar shaidar katin wifi, ba ya aiki a kan wayoyi kamar da, domin tun daga Android 10 da iOS 14 waya tana ƙirƙirar lambar bogi ga kowane wifi.

Sai alamar nan ta an haɗu amma babu intanet. A buɗe tagar umarni a buga ipconfig. Idan adireshin ya fara da 169.254, kwamfutar ta roƙi adireshi ne ba ta samu ba, ta raɗa wa kanta. Rawutocin gida kan zo da adireshi 50 ko 100 kawai na rabawa, kuma kowace na'ura tana riƙe nata awa 24 ko da mai ita ya tafi gida tun safe. Wayoyi 100 suka leƙo da ƙarfe 8, kwamfutocin da aka kunna da ƙarfe 10 sun tarar an cinye tuwo. A faɗaɗa wannan rabon adireshi, wanda ake kira DHCP: rukuni irin 192.168.10.0/24 yana da adireshi 254, a ware 20 na farko ga firinta da uwar garke da na'urorin watsawa, saura a raba. A wifin baƙi a rage wa'adin zuwa awa 2. Wata hanyar da wannan matsala ke ɓullowa ita ce wani ya kawo rawutarsa daga gida ya soka a suwic, ta fara raba nata adireshin. Idan kwamfutoci biyu a aji ɗaya suna nuna ƙofar fita daban-daban, a bi wayoyi a nemo baƙuwar.

Yanzu kwamfutocin kansu. A ba kowace lamba, a rubuta da fenti a murfi da kuma jikin cajarta, a sa lambar a matsayin sunanta a Windows, misali SALLE1-07, kada ya wuce haruffa 15. A littafi guda a rubuta lambar, da lambar masana'anta, da MAC, da irin Windows da ke ciki. Wannan na ƙarshe yana da nauyi: Windows Famille ba ta shiga domen, tsarin da uwar garke guda ke riƙe asusun kowa, ba ta da kayan kafa dokokin rukuni, sai Pro ko Éducation. Kuma Microsoft ta daina tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, alhali Windows 11 tana neman guntun tsaro na TPM 2.0, da RAM 4 GB, da ma'adana 64 GB, furosesa kuma idan na Intel ne, daga zuriya ta 8 zuwa sama. Kwamfutar da ba ta cika wannan ba, gara a sa mata Linux Mint ko Emmabuntüs da LibreOffice, da a cika ta da Windows ɗin da aka fasa, wanda galibi da ƙwayar cuta yake zuwa.

Ba a saita 30 ɗaya bayan ɗaya. A gyara guda tsaf, da duk manhajoji da sabuntawa, a gudanar da manhajar Windows mai suna Sysprep a zaɓi Généraliser don ta zubar da shaidarta ta kanta, a ɗauki hotonta, wato kwafin duk abin da ke faifanta, da manhajar Clonezilla zuwa faifai na waje, a zuba wa sauran. Hoton nan shi ne jarin makaranta: kwamfutar da ta rikice, cikin rabin awa an maido ta. A sa kalmar sirri a BIOS, saitin da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, a hana tashi daga kile, in ba haka ba yaro mai wayo zai zo da nasa kile ya share kalmar asusun shugaba, wato Administrateur. A kula kuma da BitLocker. Sabuwar Windows 11 tana iya kulle faifai da kanta idan aka shiga da asusun Microsoft, makullin mai lamba 48 ya tafi asusun wanda ya yi saitin. Ranar da ta nemi makullin, mai gyara yana Yamai, wayarsa a kashe.

Abu biyu ƙanana suna cin lokacin malamai fiye da komai, kuma namu ne na nan ƙasar. Na farko allon madannai. Kwamfutocin da suka biyo ta Najeriya ko Dubai QWERTY ne, waɗanda suka zo daga Faransa AZERTY ne, Windows ɗin da aka zuba kuma ta Faransanci ce. A AZERTY, a da q sun yi musaya, haka z da w, m ta ƙaura, lambobi kuma sai an danne Maj. Ɗalibi ya buga 2025 a kalmar sirri, kwamfuta ta karɓi é da à da sauransu, shi kuwa ɗigo-ɗigo kawai yake gani. A daidaita tsarin da abin da ke rubuce a kan madannan, sannan a shiga Région, shafin Administration, Copier les paramètres, a kwafa shi zuwa allon shiga da sababbin asusu. Yawanci a nan ake mantuwa, sai ciki ya gyaru allon shiga ya zauna yadda yake. A wannan zaman a ƙara madannan Hausa, don yara su samu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ.

Na biyu agogo. Windows ta Faransanci takan ɗauki lokacin Paris, wanda daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba yake gaban namu da awa guda. Mutum ya ga agogo ya yi gaba, ya mayar da hannu, bai sauya yankin ba. A ido ya yi daidai, a ciki kuwa ya kauce da awa ɗaya. A zaɓi UTC+01:00 Afrique centrale - Ouest. Idan kwamfuta tana komawa wata tsohuwar shekara duk lokacin da aka kunna ta, ƙaramin batirin CMOS ne ya mutu, galibi CR2032. Da kwanan wata na ƙarya, shafukan https za su ƙi buɗuwa suna kukan takardar shaida, domen kuma ba ta yafe bambancin da ya wuce minti 5.

Batun asusu yana da doka ɗaya da ba a sassautawa: ɗalibi ba ya zama Administrateur. Mai wannan matsayi yana iya ganin kalmar wifi, ya sa wasanni, ya cire kariya, ya kulle malaminsa a waje. Kowace kwamfuta ta samu asusun shugaba guda, mai kalmar da mutum biyu kawai suka sani, sai asusun Utilisateur standard na aiki. Malamai ma da na standard za su riƙa koyarwa. Ana ƙirƙira da net user eleve kalma /add. Mai kwafo umarni daga intanet ya lura cewa a Windows ta Faransanci sunayen rukuni Administrateurs ne da Utilisateurs, rubutun Turanci ba zai same su ba. Asusun da aka yi ta wannan hanya kuma kalmarsa tana ƙarewa bayan kwana 42, sai wata safiya kwamfutoci 30 su nemi sabuwar kalma, yara 30 su sa abin da suka ga dama. Umarnin net accounts /maxpwage:unlimited yana toshe wannan.

Shin kowane ɗalibi sai ya samu nasa asusun Windows? A takarda ya fi kyau, amma a yi lissafi. Ɗalibai 600 a kwamfuta 30, idan a kowace za a ƙirƙira, asusu 18,000 ke nan. Ba ya yiwuwa sai da uwar garke ta domen, Windows Server ko Samba, wadda dole ta kasance a kunne duk lokacin darasi, domin shigar farko a kowace kwamfuta sai an tambaye ta, kuma Windows tana tuna mutum 10 na ƙarshe ne kawai. Kowace shigar farko tana cin mintuna ana gina wa mutum gurbinsa, gurabun kuma suna cika faifai. Makarantar da ke da ma'aikacin da wannan ne aikinsa, ta yi. Wadda malamin lissafi ne ke duba ɗakin a lokacin hutunsa, kuma su ne mafi yawa, ta tsaya a asusu ɗaya a kowace kwamfuta, da rajistar zama: wane yana lamba 7 duk shekara. Asusun kowane ɗalibi sai a yi shi a manhajar karatu, Kolibri ko Moodle, inda malami ke iya sauya kalmar da aka manta cikin minti guda. Ana iya kunna yanayin PC partagé na Windows, wanda ke share abin da baƙo ya bari da zarar ya fita, muddin an gaya wa yara su adana aikinsu a uwar garke ko a kile. Sunan shiga ya zama lambar rajista, domin aji ɗaya na iya samun Ibrahim Musa uku, kuma kada a sa haruffa masu lanƙwasa ko masu alama a kai. Jerin sunaye da makin yara bayanan mutane ne da doka ta kare, akwai hukumar kare bayanan mutane, HAPDP, a kansu, ba abin bari a kan teburin kwamfutar aji ba ne.

Saura forfe. Sabuntawar Windows guda tana iya kai 3 GB. Sau 30, 90 GB ke nan a yini ɗaya, ba wanda ya buɗe littafi. A kunna Optimisation de la distribution a zaɓi na'urorin da ke rezon gida, yadda kwamfuta ɗaya za ta sauke, saura su kwafa daga gare ta. Wannan ba ya aiki idan an kunna saitin da ke hana na'urori ganin juna, don haka a bar wancan saitin ga wifin baƙi kaɗai. A ware yammacin da babu darasi don sabuntawa. A rawuta a ƙayyade wa kowace na'ura gudu, kamar 2 Mbps: layin 20 Mbps da aka raba wa 30 bai kai 1 Mbps ga kowa ba, yaro uku masu bidiyo sun isa su shaƙe sauran. Don tace shafukan batsa, a sa 1.1.1.3 da 1.0.0.3 a matsayin DNS, mai fassara sunan shafi zuwa adireshi, a rawuta, a kuma toshe wa na'urori amfani da wani DNS dabam. Abin da ya fi rage kuɗi shi ne a kawo karatun cikin gida: tsohuwar kwamfuta ɗaya, ko Raspberry Pi, a sa mata Kiwix, manhajar karatu ba tare da intanet ba, da Wikipedia ta Faransanci da ta Hausa, a haɗa ta da suwic da waya. Ko forfe ya ƙare, darasi yana tafiya.

Ƙura kuma ba ta jira. Lokacin hunturu a riƙa rufe kwamfutoci a kabad, a busa musu iska a ƙofofin fanka kowane zango. Wadda aka ga madannanta sun tasa sama, batirinta ne ya kumbura, a cire ta daga caji nan take.

Kada a sallami mai gyara sai an yi abu biyu a gabansa. Ya rubuta kalmomin sirri na boks, rawuta, na'urorin watsawa, BIOS da asusun shugaba, da taswirar adireshi, a sa a ambulan a kulle a ofishin darakta tare da faifan hoton, domin kalmar admin da na'urori ke zuwa da ita daga masana'anta kowane yaro ya san ta, dole an sauya. Sannan a kunna duka 30, a sauke disjonkta, a kashe ondila, a ƙirga minti 2, a maido. Ba tare da ya taɓa komai ba, kowace kwamfuta ta koma kan wifi da kanta, ta samu adireshin da ya fara da 192.168.10, ta buɗe shafi guda na waje da na Kiwix. Wadda ta gaza, a rubuta lambarta a littafin, ya gyara ta kafin a biya shi cikon kuɗinsa.